Injin ƙanƙara mai tankin ruwan gishiri: yana aiki, in an kula da awo

Irin wanda masu walda ke haɗawa a nan Kano ne: tankin ƙarfe, bututun jan ƙarfe mai ɗauke da gas, kwamfiresa, sai farfela mai juya ruwan gishirin da ake jera gwangwanaye ko ledojin ruwa a ciki. Ya fi firiza sauri nesa ba kusa ba, domin ruwa ya fi iska janye zafi, kuma in an ɗauke wuta tankin kan riƙe sanyinsa. Ga mai sayar da ƙanƙara a zafin Afrilu ko da azumi, wannan kaɗai ya isa a saye shi.

Matsalarsa awon gishiri, kuma ba kowane mai haɗawa ke bayani ba. Kilo 20 na gishiri a kilo 80 na ruwa ba ya daskarewa sai wajen digiri 16 ƙasa da sifili. In leda ta fashe ko an riƙa ƙara ruwa har ya tsinke zuwa kashi 10 cikin 100, tun kafin digiri 7 ƙasa da sifili zai fara daskarewa. Sai ka ga ɓarɓashin ƙanƙara kamar allurai yana yawo, ya manne wa bututun ya lulluɓe shi, kwamfiresa ta yi ta gurnani, ledoji kuwa ko gezau.

Irin wannan ɓarɓashi ake samu ƙarƙashin ƙanƙarar teku a Antatika. Ruwan teku mai gishiri giram 35 a kilo yana daskarewa wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili, amma can a zurfi nauyin ruwa kan sa sai ya fi haka sanyi kafin ya daskare. In ruwan ya taso sama, sai ya zamana ya wuce ma'aunin daskarewa alhali yana ruwa. Da zarar ya samu abin kamawa, igiya ko ƙwayar ƙanƙara, sai faifai sirara su fito su taru. A mashigin tekun McMurdo da ke can Antatika, kaurin tarinsu kan kai mitoci.

Don kauce wa wannan ɓarɓashi a tanki, a riƙa gwada ruwan tankin da ma'aunin kaurin ruwa (hydrometer), ya tsaya wajen 1.15, wato awon kilo 20 na gishiri a kilo 80 na ruwa, kuma kada a kashe farfela. Farar cibiyar da ke tsakiyar ƙanƙara ba laifin injin ba ne, iska ce da dattin ruwan burtsatse da daskarewa ta kora ciki. Laifinsa na gaske tsatsa: in ba tankin da ba ya tsatsa aka yi ba, gishiri zai fara cin wajen waldar, sai yoyo.