Maleji, Waya ko Na'urar OBD: Wanne Ke Faɗin Ainihin Gudun Mota?

Duk direban da ya taɓa buɗe taswirar waya a kan babbar hanya ya san wannan saɓanin: allurar maleji tana kan 120, waya kuwa ta ce 112. Daga nan wasu ke fara neman abin saya, ko sabon maleji, ko 'yar na'urar nan da ake ɗorawa a gaban direba tana haska lamba. Kafin ka sa hannu a aljihu, ka sani cewa yawanci malejin lafiyarsa ƙalau. Haka aka ƙera shi tun daga masana'anta.

Akwai ƙa'ida mai lamba 39 cikin ƙa'idojin motoci na hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da tattalin arzikin Turai, wadda ƙasashen Turai da wasu da dama ke bi. Ta ce maleji bai da izinin nuna ƙasa da ainihin gudu ko da ɗigo, amma yana iya wuce shi da kashi 10 cikin 100, a ƙara da kilomita 4. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa, malejinta na iya nuna komai daga 100 zuwa 114, kuma duk yana cikin doka. Ostireliya ta koma wannan tsari a 2006. Kamfanin da bai son a kama motarsa tana rage lamba, dole ya tura allura sama kaɗan ya bar wa kansa sarari.

Dalilin sararin yana jikin taya. Maleji bai ganin kwalta, juyawa kawai yake ƙirgawa. A tsofaffin motoci wata wayar ƙarfe ce ke fitowa daga giyabos ta juya maganaɗisu a bayan allura, dabarar da Otto Schulze ya yi wa rajista a Jamus tun 1902. Motocin yanzu sensa suke amfani da ita, a giyabos ko a ƙafafun mota inda na'urar birkin ABS ke karatu. Ko wacce ce, lissafin ɗaya ne: sau nawa taya ta juya, a ninka da tsawon kewayenta. Shi kuwa wannan kewaye kwamfutar mota ɗauka take ba ya canzawa, alhali kullum canzawa yake.

Ɗauki taya mai lamba 205/55 R16, wato faɗinta milimita 205, tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 na faɗin, rim ɗinta kuma inci 16. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 632 ne, juyi ɗaya yana cin kusan mita 2 na hanya. Sabuwa tana zuwa da zane mai zurfin kamar milimita 8. In ta ci ta sauka zuwa 1.6, wanda shi ne iyakar da dokar Turai ta yarda, tsayin ya ragu da kusan milimita 13, wato kashi 2 cikin 100. Ƙaramar taya sai ta fi yawan juyi kafin ta cinye kilomita guda, maleji kuma ya ɗauka gudu ne ya ƙaru. Ƙarancin iska da nauyin kaya su ma suna ƙara ɗan nasu.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowace na'ura a kasuwa guda ce: daga ina take samo lambarta, daga taya ko daga tauraron ɗan'adam? Launin fitila da kyan kwali duk bayan wannan suke.

Mafi arha ita ce wayar da ke hannunka. Google Maps da Waze duk suna nuna gudu, kuma ba ruwansu da tayarka, daga taurarin ɗan'adam na GPS suke samo lambarsu. A miƙaƙƙiyar hanya, sama a buɗe, ƙafa ba ta motsi a kan totur, lambar waya ta fi ta maleji kusa da gaskiya. Rauninta shi ne jinkiri. Yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta lissafi, don haka in kana taka mota ko kana birki, lambar tana biye da kai a baya. A cikin ramin da hanya ta ratsa dutse, ko tsakanin dogayen benaye, tana iya ɓacewa ko ta yi tsalle. Ga zafin rana a jikin gilashi, ga kira yana shigowa ya rufe allo. Ni a ganina waya ta awo ce: ka ba na kusa da kai ya riƙe, ka tsayar da allura a 50, sannan 80, sannan 100, ya rubuta abin da waya ta ce. Shi ke nan ka san halin malejinka har sai ranar da ka canza taya.

In ka fi son hujjar da ba ta dogara da kowace na'ura ba, alamomin kilomita na gefen babbar hanya sun isa. Motar da ke kan 100 na gaskiya tana cinye kilomita ɗaya a daƙiƙa 36, mai 120 a daƙiƙa 30. Ka auna a kan kilomita biyar ko goma, domin kuskuren danna agogo ya narke.

Sai na'urar GPS mai zaman kanta, wadda ake jonawa a ramin caja. Wasu allo ne ƙarami a kan dashbod, wasu suna haska lambar a jikin gilashin gaba yadda ba sai ka sunkuyar da kai ba. Wannan ita ce ta dace da tsohuwar motar da wayar malejinta ta tsinke, da motar da aka shigo da ita malejinta na ƙirga mil, da duk wadda aka ɗaga aka sa mata manyan tayoyi. Abin dubawa a jikin kwali shi ne yawan sabuntawa: mai 10 Hz tana lissafi sau goma a daƙiƙa, jinkirin da ke damun waya kusan babu shi. Ka duba kuma ko tana kama taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Turai ko BeiDou na China ban da na GPS, domin yawan taurari yana rage ɓacewa. Ta rage haskenta da kanta da dare, in ba haka ba za ta riƙa kashe maka ido. Masu haskawa a gilashi kan nuna lamba biyu-biyu, ɗaya bisa ɗaya, sai an manna ledar da ke zuwa tare da su. Da safe kuma tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta kama taurari.

Wadda ta fi ruɗin masu saye ita ce ta OBD. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16 da ake kira OBD, wanda aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996, na Turai masu fetur kuma tun 2001. Nan bakanike ke jona kwamfutarsa. Na'urar da ka jona a nan tana karanta gudun da kwamfutar mota ta sani, kuma a motoci da yawa wannan lambar ba ta ɗauke da ƙarin da ake yi wa allura, shi ya sa takan zo kusa da ta waya. Ba ta jinkiri, ba ta ɓacewa a rami, kuma tana ba ka zafin inji da ƙarfin batir a kan haka. Sai dai daga taya take sha, kamar yadda maleji ke sha. Ka sa tayar da ba girmanta ba, su biyun tare za su ɓata, ita kuma za ta yi nata kuskuren da lambobi masu haske da ke sa mutum ya yarda. In za ka saya, ka zaɓi wadda ake iya daidaita lambarta da hannu, ka daidaita ta da GPS. Ka tabbatar kuma tana kashe kanta, domin soket ɗin yana da wuta ko mota a kashe take, kuma motar da ta daɗe a ajiye tana iya wayar gari batir ya sauka. Akwai masu haɗa OBD da GPS a jiki ɗaya, su ne suka fi amfani in kuɗin bai yi nisa da na sauran ba.

Gyaran malejin kansa, ko ta kwamfuta a garejin da ke da kayan aikin, ko ta 'yar na'urar da ake sawa tsakanin sensa da maleji, aiki ne na wanda ya canza girman taya ko haƙoran giya. Wanda motarsa ke nan yadda ta fito, ɓarnar kuɗi ce. 'Yan kilomitan da maleji ke ƙarawa suna ba ka haushi su ne ke tsakaninka da tara a gaban kyamara.

Inda hankali ya fi kamata ya tsaya shi ne wurin sayen taya, don a nan ne kuskuren ke juyawa ta ɓangaren da ke cutarwa. Motar da aka yi wa 205/55 R16, in ka koma rim 17 da 225/45, tsayin ya zama milimita 634, bambancin bai kai a yi magana ba. Amma in mai taya ya ce 215/60 R16 ce ke akwai, ai duk rim ɗaya ne, tsayin ya koma 664, ƙarin kashi 5 cikin 100. Malejin da ke nuna 105 a gudun 100 yanzu zai nuna 100 cif, sararin ya ƙare. Ka hau zuwa 215/65, tsayi kusan 686, sai allura ta tsaya wajen 97 alhali kana kan 100, kuma ƙirgen kilomitan da mota ta yi shi ma ya fara raguwa, har lokacin juyen mai ya riƙa wucewa ba ka sani ba. Girman da kamfani ya amince da shi yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ko a murfin tanki. Ka ɗauki hotonta a waya kafin ka je wurin mai taya, ka gwada lambar da ta jikin tayar kafin ya kwance ƙusa ko ɗaya.