Daga Lawanti zuwa Jidda: inda kuɗin kujerar gaba yake biya, da inda yake tafiya a banza

Mai tashi daga filin jirgin Lawanti a Gombe, ko na Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Durum a Bauchi, ya san tafiyar Umara zango-zango ce. Ɗan gajeren tashi zuwa Abuja, sai doguwar tafiya zuwa Doha ko Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul, sai zaman jira, sannan jirgi na uku zuwa Jidda ko Madina. A kowane zango akwai mai tallata maka kujerar gaba, wadda 'yan tafiya ke kira bizines, da falon alfarma na jira a filin jirgi. A ganina abu biyu kawai ake saye da wannan kuɗin: gadon da za ka miƙe a jirgin dare, da banɗakin wanka a filin da za ka ya da zango. Sauran duk ado ne.

Zangon Gombe ko Bauchi zuwa Abuja bai cika wuce awa guda ba. A Boeing 737 bizines kujeru ne biyu-biyu maimakon uku-uku, da ɗan abin taɓawa, da fita da wuri. Ƙaramin jirgi irin Embraer 145 mai kujeru 50 ma ba shi da wannan sashe sam. Falon manyan baƙi na filayenmu kuma harkar furotokol ce ta jami'an gwamnati da sarakuna, ba tikiti ne ke buɗe shi ba. Dalili ɗaya da zai sa a biya a nan shi ne kilo: idan kayanka sun yi nauyi, kwatanta kuɗin kilon da ya haura da bambancin kuɗin tikitin, wani lokaci bizines ɗin ya fi sauƙi. In ba haka ba, riƙe kuɗin ka kama ɗaki a Abuja ka kwana. Tikitin cikin gida daban yake da na waje, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana hana jirage sauka a arewa maso gabas. In jirgin Gombe ya makara ka rasa na Doha, babu kamfanin da zai ɗauki nauyinka, kuma kuɗin da ka biya na ɗaga kujera zuwa bizines yakan bi ruwa.

A dogon zango ne maganar take da nauyi. Abuja zuwa Doha ta haura awa bakwai, Istanbul ta haura shida, Addis Ababa da Alƙahira kuwa wajen awa biyar-biyar. Kafin ka biya ko sisi, buɗe taswirar kujerun jirgin a manhajar kamfanin. Idan ka ga jeri ɗaya-biyu-ɗaya, to kujera ce mai komawa gado, kuma kowa na da hanyar fita ba tare da ya tsallake maƙwabcinsa ba. Biyu-biyu-biyu a babban jirgi yawanci tana kwanciya, sai dai na gefen taga sai ya ƙetare ƙafafun wani kafin ya je alwala, abin da Hajiya mai tafiya ita kaɗai ya kamata ta duba. Biyu-biyu kawai, a ƙaramin jirgi irin 737, kujera ce mai faɗi da ke ɗan kishingiɗa, ba gado ba ce, kuma ba ta kai a biya mata kuɗin gado ba. Qsuite, ɗakin nan mai ƙofa da Qatar Airways ta fito da shi a 2017, ba a duk jiragenta yake ba. Kamfani na iya canza jirgi ana gobe tafiya, kuma ba a cika mayar da kuɗi saboda haka ba.

Wani abu da ejan-ejan ba su cika fayyacewa ba: Ethiopian da Turkish da EgyptAir duk ba su da fes kilas, wato sashen da ke sama da bizines. Bizines ne ƙololuwarsu, na Ethiopian shi ake kira Cloud Nine. Wanda ya ce zai sayar maka da fes kilas a waɗannan, bizines yake nufi.

Hanyar da ka bi ka hau kujerar gaba ita ce ke yanke abin da za ka samu, kuma nan mutanenmu suka fi shan mamaki. Idan ka sa aka canza tikitin kacokan, ka cika bambancin kuɗi, harafin da ke nuna ajin tikitinka ya koma J ko C ko D, to ka sami komai: falo, da akwati biyu masu kilo 32 maimakon biyu masu 23, da layin gaggawa. Amma tayin ragi da ke zuwa ta imel ko manhaja ana saura kwanaki kaɗan, ko wanda ake yi a kanta ranar tafiya, sau da yawa kujera da abinci kawai ya ƙunsa. A Qatar Airways irin wannan tayi ba ya zuwa da falo, kilonka kuma yana nan yadda yake a tikitin asali. Har cikakken tikitin bizines ma akwai mai rahusa da ba shi da falo, Lite a Qatar, Special a Emirates. Sai ka ga Alhaji ya ɗauro akwati mai kilo 30 da tunanin ya zama ɗan bizines, a kanta a ce ya rage bakwai ko ya biya. Karanta sharuɗɗan kafin ka danna, layi biyu ne kacal: na falo da na kaya.

Ethiopian da wasu kamfanoni suna da tsarin taya kujera kamar gwanjo. Ka sa abin da za ka iya biya, sai an karɓa ake cire kuɗin. Matsalar ita ce katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, in cirewar ta ƙi, kujerar ta koma ga na bayanka. Yi amfani da katin dala. Kuma tayin zango ɗaya yake rufewa, Abuja zuwa Addis daban, Addis zuwa Jidda daban. Makin da kamfani ke tara wa mai yawan hawa jirginsa kuwa, ShebaMiles na Ethiopian ko Avios da Qatar ta koma amfani da shi a 2022, ba sa aiki a kan kowane tikiti. Tikitin rukuni da kamfanonin shirya Umara ke yanka wa mutum ashirin ko talatin a tare, galibi ba ya ɗaguwa, ko da maki ko ta intanet. Tambayi ejan tun kafin ka biya shi: tikitin ɗaiɗai ne ko na rukuni, kuma ya ba ka lambar nan mai haruffa shida ka gwada ta da kanka a shafin kamfanin.

Yanzu falo. Na sabon ginin tashar ƙasa da ƙasa ta Abuja, wanda aka buɗe a Disambar 2018, wurin zama ne mai sanyi da abinci da cajin waya, yana da amfani amma ba don shi za a sayi tikiti ba. Doha ce ke da abin faɗa. Al Mourjan, falon bizines na filin Hamad, faɗinsa ya kai murabba'in mita 10,000, da wurin cin abinci da wurin salla da banɗakunan wanka. Sama da shi akwai Al Safwa, na fes kilas: dogayen bangaye masu launin yashi, shiru kamar masallaci bayan Isha, abinci sai ka zaɓa a dafa maka, da ɗakuna masu gado ga wanda jiransa ya yi tsawo. Abin da ya shafi mai Umara shi ne Qatar tana sayar da sashen gaba na gajerun jiragenta na yankin, har da na Jidda da Madina, da sunan fes kilas. Saboda haka mai cikakken tikitin bizines daga Abuja zuwa Jidda yakan ga katin shiga jirginsa na biyu an rubuta fes kilas, kuma wannan katin ke buɗe masa Al Safwa. Mai tikitin Lite ko wanda ya hau ta tayin ragi ba ya cikin wannan rabon.

Me ya sa nake ta nanata wanka? Saboda mai sauka Jidda a sararin sama yake ratsa miƙati. Wanda ya taso daga Doha yana bi ta daura da Ƙarnul Manazil, na Addis Ababa ta Yalamlam, na Alƙahira da Istanbul ta Juhfa. Banɗakin jirgi ba wurin wankan harami ba ne, ko juyawa da ƙyar ake yi a ciki. Falo ne ke ba ka ruwan zafi da tawul da filin ɗaura zane cikin natsuwa. Da shigarka, kafin abinci, je ka rubuta suna a layin wanka, don daga tsakar dare zuwa wajen ƙarfe biyu Doha cika take yi. Haramin ya kasance a jakar hannu, domin akwatinka ba za ka sake ganinsa ba sai Jidda. Sabulu da man da ke falon masu ƙamshi ne, ka taho da naka marar ƙamshi, in na ruwa ne kada kwalbar ta wuce mililita 100. A cikin jirgi ma, bayan ka yi niyya, ɗan tawul mai ɗumi da ake miƙowa yakan zo da ƙamshi, ka ce a bar shi. Falon Cloud Nine na Addis Ababa shi ma yana da wurin wanka da na salla, sai dai garin yana kan tudun da ya haura mita 2,300, sanyin dare a can ba ya wasa da mai zane biyu. Wanda zai fara da Madina bai da wannan damuwa, haraminsa sai Zul-Hulaifa, don haka falon bai kai masa muhimmancin haka ba.

Tiren maraba da ake zagayawa da shi kafin tashi daga Abuja yakan haɗa lemo da giya, kuma wata giyar kalarta kamar ruwan tuffa. Tambaya kafin ka ɗauka. Saudia da EgyptAir ba sa raba giya. Abincin Qatar da Turkish da Emirates na halal ne. A kamfanonin Turai sai ka nemi abincin Musulmi, alamarsa MOML, kwana biyu kafin tafiya, kuma in a kanta aka ɗaga ka, abincin da ka nema ba lallai ya biyo ka gaba ba.

Ga masu kai iyaye: in kuɗin kujera ɗaya ne, a ba Baba ko Inna a zangon dare, shi ne inda kumburin ƙafa da ciwon baya ke kama tsofaffi. Sai dai tikitin bizines mutum ɗaya yake shigarwa falo, ɗan rakiya mai ikonomi a waje zai tsaya, sai in ya biya ko yana da katin zinare na kamfanin. Mai ShebaMiles na zinare, misali, yana shiga falon Star Alliance, ƙungiyar ƙawancen kamfanonin jiragen sama, da baƙo ɗaya ko da ikonomi ya yanka, kuma Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk 'yan wannan ƙungiya ne. Keken tura tsofaffi kyauta ne ga kowane tikiti, a sa ejan ya rubuta shi awa 48 kafin tashi, a zangon Abuja da na Doha ko Addis duka, sannan a nema daban a wurin kamfanin da zai ɗauke su daga Gombe ko Bauchi.