Kantin maganin da ya ƙi sayar mini da tiramadol

A farkon damina mahaifiyata ta zame a tsakar gida ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki, bayan kwana tara aka sallame mu da takardar likita mai ɗauke da magunguna huɗu, ciki har da tiramadol, maganin rage raɗaɗi, mai ƙarfin miligiram 50. Tun daga ranar na shafe kusan wata huɗu ina zirga-zirga zuwa wani kantin magani mai rajista da ke bakin babban titin unguwarmu a nan Kano, har na san wurin sanin da zan iya faɗin abin da ya burge ni da abin da ya ɓata mini rai. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai ƙorafi.

Abin da mai shiga zai fara lura da shi shi ne sanyin ɗakin. Wannan ba ado ba ne, domin kwalayen magani da yawa suna ɗauke da gargaɗin a ajiye su ƙasa da maki 30 na ma'aunin zafi, alhali a watan Afrilu zafin Kano yakan haura 40. Akwai firji mai aiki da sola inda suke ajiye insulin da alluran da ba sa son zafi, kuma a bango an rataye lasisin Hukumar Kula da Masu Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, wato PCN, na wannan shekarar. Da yawanmu ba mu bambanta irin wannan kanti da kemis na cikin lungu, duk wanda ya tsaya bayan kanta likita muke ce masa. A doka kuwa bambancin babba ne. Lasisin mai kemis ya tsaya ne a kan magungunan yau da kullum irin su farasitamol da ruwan gishiri da sukari da maganin zazzaɓin cizon sauro, ba shi da izinin ajiye tiramadol ko diyazifam, balle ya sayar.

Ranar farko da na miƙa takardar, yaron da ke kanta bai ɗauko komai ba sai da ya kira mai wurin, wata mata mai matsakaicin shekaru wadda ta karanci harhaɗa magunguna. Ta duba takardar a tsanake, sannan ta tambaye ni shekarun Hajiya nawa, ko ta taɓa yin farfaɗiya ko jijjiga, ko tana shan maganin barci ko na damuwa, da kuma ko an taɓa cewa tana da matsalar ƙoda. Ta buɗe wata ƙaramar kabad mai makulli, ta ƙirgo ƙwayoyin daidai adadin da likita ya rubuta, ta shigar da sunan mara lafiya da kwanan wata a wani dogon littafi, sannan ta buga hatimi a kan takardar domin kada a sake karɓa da ita. A jikin ambulan ta rubuta yadda za a sha, ta kuma maimaita mini da Hausa cewa idan Hajiya ta fara barcin da ba a iya tashinta cikin sauƙi, ko numfashinta ya yi ƙasa, a dakata a koma asibiti. Duk wannan ya ɗauki kusan minti goma sha biyar, kuma a lokacin gani nake ɓata lokaci ne kawai.

Da maganin ya ƙare, Hajiya ta kwana biyu tana kukan ciwo, ranar komawa asibiti kuma da saura. Na koma kantin da tsohuwar takardar, ina ganin tunda an san ni magana ta ƙare. Matar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Malam, ka yi haƙuri, wannan takarda ta gama aikinta. Ka kai Hajiya likita ya sake dubata, idan ya rubuta ko da daddare ne zan ba ka.” Na ce mata ai ta ga tsohuwa ce, ba ɗan shaye-shaye ba. Ta ce ta sani, kuma tsufan ne ma ya sa ba za ta ƙara ba sai likita ya gani, domin a jikin tsoho maganin yakan jima bai fita ba, yana kuma sa jiri, wanda ya karye a ƙugu kuwa faɗuwa ta biyu ita ce abin tsoro. Ta ba ni farasitamol, ta ja kunnena cewa ko babba mai ƙarfi bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba saboda hanta. Na fita raina a ɓace, ko sallama ban yi ba.

A daren nan na shiga wani kemis a cikin lungu. Ban nuna takarda ba, ba a kuma tambaye ni ba. Mai kemis ya leƙa waje, ya sunkuya ƙarƙashin kanta, ya ɗauko kati ɗaya ya ajiye a gabana, a jikinsa an rubuta 225, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ko ɗaya. Sai da na riƙe katin a hannuna na lissafa cewa ƙwaya ɗaya ta ninka wadda likita ya rubuta wa Hajiya sau huɗu da rabi. Na mayar masa na ce na fasa.

Wannan kati shi ne ya sa na fahimci tsaurin da ya fusata ni. Tiramadol ba sabon magani ba ne, kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ne ya haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977, kuma an daɗe ana kallonsa a matsayin mai rage raɗaɗi wanda bai cika kama mutum ba. Yana cikin dangin magungunan da ke aiki irin na ofiyom, kuma ya ƙara da taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu alaƙa da walwala, shi ya sa lebura ko ɗan acaɓa ko manomi yake jin kamar an ƙara masa ƙarfi. Abin da NAFDAC ta amince da shi a Najeriya shi ne mai miligiram 50 da mai 100. Masu 200 da 225 da 250 ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, galibi daga Indiya, kuma su ne jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da na kwastam suke yawan kamawa a kwantenoni. Idan ya yi yawa a jiki yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi, musamman idan an haɗa shi da maganin barci ko giya, wanda ya saba da shi kuwa ranar da ya rasa sai zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da ƙunci su rufe shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu da irin waɗannan magunguna na rage raɗaɗi, kuma cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya ɗaya mace ce.

Tarihin wannan dangin magani yana maimaita kansa ne. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da hodar da duniya ta sani yau da suna heroin a matsayin maganin tari, ana sayar da ita a kantuna kamar kowane magani, kafin illarta ta bayyana a haramta ta. Mu ma a nan mun ga irinsa da kodin. Shekaru aka yi ana ganin kwalaben maganin tari a kwata da bayan makarantu, sai da BBC ta fitar da rahoton bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018, sannan ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma haɗa shi a cikin gida. Na taɓa jin wani matashi ya tambayi yaron kantin nan maganin tari yana kashe murya, yaron ya ɗauko masa wanda ba shi da kodin, matashin ya juya kwalbar ya karanta, ya ajiye ya fita.

Da muka koma asibiti, likita bai ƙara wa Hajiya tiramadol ɗin yadda na so ba. Ya rage shi, ya ce taurin bayan gida da jirin da take fama da su daga maganin ne, ya tura mu wajen masu gashin ƙashi. Da sabuwar takardar na koma kantin, matar ta karɓa ta ba ni kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, har tana tambayar jikin Hajiya.

Sai dai wurin yana da nasa aibu, kuma ba ƙanana ba ne. Farashinsu ya fi na kemis tsada a kusan komai, har da farasitamol da auduga, ba sa kuma yarda su raba kati su sayar da ƙwaya biyu ko uku, wanda hakan shi ne yake kora mai ƙaramin ƙarfi zuwa lungu, inda za a ce masa “na nawa za a haɗa maka?” a zuba masa ƙwayoyi kala biyar a leda ba suna ba bayani. Abin da ya fi damuna shi ne mai wurin takan tashi bayan la'asar da makullin kabad a jakarta, ta bar yara biyu waɗanda iyakar saninsu karanta suna a kwali. Alƙawarin nan na “ko da daddare ne” bai cika ba, domin sau biyu ina zuwa bayan magariba da takarda sahihiya ina komawa hannu rabbana. Kuma babu wani keɓaɓɓen wuri na magana. Duk tambayoyin da aka yi mini a kan mahaifiyata a gaban layi aka yi su, na kuma ga wata baiwar Allah ta kasa faɗin abin da ya kawo ta saboda maza uku suna tsaye a bayanta. Rabin ɗakin an cika shi da man shafawa da turare da lemon kwalba, alhali da an rage kanta ɗaya da an samu wurin ajiye kujeru biyu da labule.

Ta fuskar ingancin kaya ban kama su da komai ba. Duk kwalin da na saya yana da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a bayyane, kuma sau uku ina kankare lambar sirrin da ke jikin maganin zazzaɓi ina tura ta ta waya, tsarin da hukumar ta ɓullo da shi tun 2010, amsa tana dawowa cewa na gaske ne. Suna ba da rasit ba sai an roƙa ba. Yaron kantin ya ce mini kayansu daga wajen wakilan kamfanoni suke zuwa, wasu kuma daga sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro da ke kan titin Zariya, inda aka mayar da dillalan Sabon Gari a 2024.

Har yanzu a can nake sayen maganin hawan jinin Hajiya duk wata, ko da yake auduga da filasta na koma saya a wani wuri mai sauƙi. Wanda zai je da takardar maganin da ake kullewa a kabad, ya je kafin la'asar, ya kuma tabbatar likita ya sa hannu da kwanan wata, domin na ga an mayar da wani dattijo asibiti a kan rashin kwanan wata kaɗai.