Takobin haske: wata uku ina fama da kayan haɗin da na saya

Kwalin ya iso hannuna bayan mako biyar da biyan kuɗi, na je tasha na karɓo shi a kan mashin, dogon bututun yana leƙowa ta bayan kafaɗata har gida Tudun Wada, Zariya. Kuɗin da na kashe, har da na kawowa, ya kai a sayi ƙaramar waya sabuwa. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na tarar, domin mutum uku sun riga sun tambaye ni inda na samo, kuma ba na son wani ya zuba kuɗinsa yana zaton takobi zai ciro daga kwali ya kunna.

Sha'awar ta samo asali ne daga takobin hasken nan na fim ɗin Star Wars, wanda ya fara fitowa a 1977. Abin da ya ja ni shi ne jin cewa mariƙin takobin jarumin fim ɗin, daga hannun tsohuwar fitilar ɗaukar hoto ta Graflex aka ƙera shi. Wato tarkace ne aka gyara. Sai na ce to ni ma zan yi nawa, amma ba zan kwaikwayi nasu ba. Siffar takobinmu nake so, irin wanda mahaya ke ratayawa ranar Hawan Sallah a ƙofar fada: miƙaƙƙen mariƙi, da ƙarfen da ya gitta yana kare hannu an lulluɓe shi da fata, da ɗan dunƙule a ƙarshe.

A cikin kwalin akwai bututun roba mai tauri garai-garai, faɗinsa inci ɗaya, shi ne ruwan takobin. Akwai zirin fitilu biyu samfurin WS2812B, mai ƙwai 144 a kowace mita, da farin soso da ake naɗe su a ciki don hasken ya baje. Sai allon Arduino Nano mai sarrafa su duka, da na'urar MPU6050 mai jin motsi, da DFPlayer Mini mai fitar da sauti, ƙaramar lasifika, maɓalli, allon caji TP4056, batir ɗaya samfurin 18650, da wani ƙwarangwal na roba da ake jera su duka a kai kafin a zura cikin mariƙi. Shi kansa mariƙin babu shi, kuma mai sayarwa ya faɗi haka tun farko, ban ga laifinsa a nan ba.

Fitilun dai sai hamdala. Kowane ƙwai yana da ɗan guntun kwakwalwarsa, don haka ana iya umartar su ɗaya bayan ɗaya. Ana danna maɓalli sai haske ya taso daga gindi ya haura zuwa tsini, in an kashe ya janye ya koma ciki. Na manna zirin biyu baya da baya, na naɗe da soson, na zura a bututu, ban ga ɗigo-ɗigon ƙwayayen ba ko kaɗan, hasken ya zama sanda guda. Bututun ma ya yi ƙwari. Ya faɗi a kan siminti sau biyu, ko tsagewa bai yi ba.

Batirin ne ya fara ɓata mini rai. An rubuta 9900mAh a jikinsa, wato awon yawan cajin da yake riƙewa, alhali batir mai wannan girman, na kamfanonin kirki ma, bai cika wuce 3500 ba. Da na ɗaga shi na ji shi sakayau kamar ba komai a ciki, shi kuwa na gaskiya yakan kai wajen giram 45. Minti shida ya yi, hasken ya fara dusashewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin batir ne da za a rufe a cikin ƙarfe a riƙe a tafin hannu, wataƙila ma hannun yaro. Na rubuta wa mai kayan, ya ba ni haƙuri, ya ce zai aiko wani, har yau shiru.

Na fara gwada wanda na ciro daga tsohon batirin kwamfuta a wurin wani mai gyara a unguwar PZ. Ya fi na farko nesa ba kusa ba, sai dai yana ɗaukar zafi. Da na zauna na yi lissafi sai na gane dalili. Ruwan takobina santimita 90 ne, ƙwai kusan 130 a kowane gefe, 260 ke nan. Launi ɗaya a kowane ƙwai yana jan wajen miliamfiya 20 idan an ƙure haske, ka ga an haura amfiya 5, in kuwa fari ne sai a ninka uku. Batirin kwamfuta ba don irin wannan jan aka yi shi ba. Wanda ya zauna daidai shi ne na cikin batirin injin huda bango mai caji, su aka yi don ja mai ƙarfi.

Nan ma ban huta ba. Da na haɗa komai bisa zanen da ya zo a takarda, sai takobin ya riƙa kamawa ya ɗauke kafin hasken ya kai rabi. Kwana huɗu ina warware wayoyi ina sake liƙewa da dalma, da daddare in an kawo wuta, ina zargin hannuna ne bai iya ba. Ashe zanen ne ya bi da wutar fitilun ta cikin allon caji, shi kuwa allon yana da kariyar da ke yanke wuta idan jan ya kai wajen amfiya 3. Aikinsa yake yi. Dole na raba hanya, fitilun suka samu tasu kariyar mai ɗaukar nauyinsu, allon caji ya tsaya ga caji kawai, sannan na rage ƙarfin hasken zuwa kusan rabi a cikin manhajar. A ido ba a ma gane an rage. Wanda ya zana takardar nan, ina tantama in ya taɓa haɗa abin da hannunsa har ƙarshe, kuma wannan shi ne babban ƙorafina, ya fi na batir ciwo, domin sabon shiga zai iya jefar da kayan yana ganin shi ne ya ƙona su.

Wani ƙaramin abu: allon Arduino ɗin ba na asali ba ne, kwamfuta ba ta ganinsa sai an saka mata manhajar CH340. Takardar ba ta ambata ba.

Sauti kuwa tsaka-tsaki ne. Gurnanin da yake yi idan yana kunne ya yi daɗi, lasifikar ta fi girmanta murya. Amma idan ka kai sara, ƙarar takan makara, sai hannunka ya kusa tsayawa sannan ka ji ta, domin DFPlayer yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya buɗe kowane sauti. Yara ba su damu ba. Ni ina ji, kuma yana damuna. Masu wannan harka da suka yi nisa allon Proffieboard suke amfani da shi, wanda sautinsa ke tafiya tare da motsin hannu, sai dai kuɗinsa daban ne.

Inda na fi jin daɗin aikin gaba ɗaya shi ne wajen mariƙin, kuma wannan ba daga kwali ya fito ba. Na kai guntun bututun alminiyom wurin wani dattijo mai injin fere ƙarfe a Sabon Gari. Karon farko awo kawai na ba shi a takarda, da na dawo gida ƙwarangwal ɗin ya ƙi shiga, wayoyin da na liƙa sun ƙara masa kauri. Da na koma sai ya ce, "Ɗana, ai da ka zo da abin da za a zura tun farko. Ƙarfe ba ya jin bayani, gwadawa ake yi." Ya karɓa ya juya shi a hannu, ya ɗan ƙara rarake cikin, yana fitarwa yana gwadawa, har ya shige da ɗan tauri ba ya girgiza. Bakin kuma ya fere shi daidai milimita 25.4, ya huda gefe ya yi zare don ɗan kusar da ke danne ruwan takobin. Shi ne ma ya ce in huda ramuka a dunƙulen ƙarshe don murya ta samu hanya. Duk wanda zai yi na ƙarfe, ya tuna wutar lantarki na bi ta jikin alminiyom, sai an rufe kowane liƙi ruf kafin a zura.

Daga nan na shiga cikin birni ta Ƙofar Doka wurin wani baduku. Ya jiƙa jar fata, ya ja ta a jikin mariƙin, ya ɗinke ta baya da ƙananan ɗinki a jere, ya bar ramin maɓalli da na caji, sannan ya zagaye wuyan da siririyar koriyar fata. Da fatar ta bushe sai ta kama ƙarfen gam. Na kunna masa a cikin rumfarsa, ya karɓa da hannu biyu ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Malam, nauyin duk ya koma gaba." Gaskiyarsa ce. Na dawo na matsar da batir can ƙarshen mariƙi, na ƙara ƙarfe a dunƙulen, yanzu yana zama a hannu ba ya rinjaya.

To in an tambaye ni ko a saya, zan ce mai iya riƙe ƙarfen dalma, mai haƙurin bin waya da mitar gwada wuta, ya saya don fitilun da bututun, ya ajiye batirin gefe tun ranar farko, kada kuma ya amince da zanen sai ya yi nasa lissafin. Wanda bai taɓa liƙa waya ba, ya nemi mai gyaran waya ko rediyo su zauna tare.

Yanzu caji ɗaya yana kai ni kusan minti arba'in. Ba na fita da shi titi da dare, don daga nesa siffar makami gare shi, ba na son in tayar wa 'yan sintirin unguwa hankali. A tsakar gida muke kunna shi bayan isha'i, musamman in an ɗauke wuta, koren hasken ya kwanta a jikin bango da randunan ruwa. Ɗan yayata ya riga ya roƙi in ba shi aro ya fita tashe da shi in azumi ya kai goma. Na ce masa wannan ya yi masa nauyi, zan haɗa masa nasa da bututun roba na famfo da ragowar fitilun da na yanke, har na kai awon hannunsa wurin badukun.