Na sa wa tsohon kekena inji da batir, akwai daɗi amma sensar nan ta ɓata min rai

Gaskiya da farko ban ɗauka abin zai yi wani ƙarfi ba, don duka kayan da suka zo a kwalin tayar gaba ce mai inji a tsakiyarta, sai ɗan batir da bai fi gorar ruwa ba, sai wayoyi da wani faifan roba mai maganaɗisu. Injin wat 250 ne, batirin bolt 36. Na cire tayata ta gaba na sa tasu, na ɗaure noti, sarƙa da giya da birkin baya ko taɓa su ban yi ba. Kuma keken yana nan a kekensa, ina iya ɗaga shi in hau bene da shi ba sai na nemi taimako ba, wanda shi ne dalilin da ya sa tun farko na ƙi sayen irin manyan nan masu nauyin tsiya.

A kan hawa ne na sha mamaki wallahi. Tudun da kullum sai na miƙe tsaye a kan feda ina haki, sai ga ni a zaune ina juya ƙafa a hankali keke na tafiya kamar wani na turo ni ta baya, na isa wajen aiki rigata a bushe. Idan ka kai kilomita 25 a awa injin yana sakin ka, haka aka saita shi saboda dokar ƙasashen Turai, wannan bai dame ni ba ko kaɗan, ina zan je da gudu.

To amma faifan nan mai maganaɗisu da ake maƙalawa a jikin feda, shi ne matsalar. Ba ƙarfin takunka yake ji ba, juyawar feda kawai yake ƙirgawa, sai maganaɗisun sun wuce ta gaban sensa, wato 'yar na'urar da ke jin wucewarsu, sannan inji ya san kana tuƙi. Kenan idan ka tsaya cak a tsakiyar hawa, lokacin da ka fi buƙatar taimakon, babu shi, sai ka tura da ƙarfinka feda ta yi kusan rabin zagaye sannan ya farka ya fizge ka gaba ɗaya. Idan ka daina tuƙi kuma ba nan take yake dainawa ba, sai ya ƙara tura ka na kusan daƙiƙa guda. Ranar da abin ya ba ni tsoro, wata mota ce ta tsaya a gabana ba zato, na cire ƙafa na matse birki, birki na riƙewa inji na ja, ga yashi a gefen titi, tayar gaba ta zame saura kaɗan in sha ƙasa. Da na yi wa masu sayarwar magana sai suka ce ai akwai wata waya da ake haɗawa da hannun birki tana yanke wutar inji da zarar ka matsa, amma daban ake sayenta. Daban! Abin da ya shafi ran mutum ne za a ware a ce sai ka ƙara kuɗi? Ko a takardar da ta zo cikin kwalin ba su ambace ta ba.

Tun da na fara ƙorafi bari in ƙarasa, faifan ma ba ya zama wuri ɗaya, ƙafa ta ɗan taɓa shi ya goce daga gaban sensa shi ke nan inji ya yi shiru, sai ka sauka ka gyara da yatsa. Nisan da suka rubuta batirin zai kai kuma a shimfiɗaɗɗiyar hanya ne ba iska ba kaya, ni da nake hawa da gangara ban taɓa kusantar wannan lissafin ba, kullum da dare yana caji.

Zan ci gaba da hawa dai, gwiwoyina sun huta. Amma duk mai niyyar saye ya tambaya ko da wayar birki a ciki kafin ya biya, in kuma aljihu zai ɗauka ya nemi mai sensar da ke jin ƙarfin taku, sannan ya riƙa duba notin tayar gaba lokaci lokaci don jan injin yana sassauta shi.