Na mayar da kaya a Jamus, mai kayan ya ba ni haƙuri

'Yan uwa na Katsina, assalamu alaikum. Masu yawan tambayata yadda zaman Jamus yake, ga labari ɗaya, kuma a kan mashin ne.

Da na samu aiki a bayan garin Dortmund na sayi tsohon mashin ƙirar Honda, saboda aikin asuba ba ya jiran jirgin ƙasa. Injinsa lafiya lau. Sai dai mai shi na farko ya taɓa faɗuwa da shi, murfin ado na gefen dama ya goge ya tsage, gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara kuma ya cinye fentin na hagu. Ba murfin da ke riƙe baƙin mai nake nufi ba. Wannan na sama ne, ana ɗora shi a kan na asali don kyau, kuma ya tare inji idan an faɗi.

Na kai shi gareji. Mai garejin ko leƙowa bai yi ba balle ya dubi mashin. Ya duba kwamfuta ya ce babu gurbi sai wata mai zuwa, domin da sanyi ya wuce kowa ke fito da nasa. Da yawa a nan lambar mashinsu ta watanni ce kawai, daga Maris zuwa Oktoba. Kuɗin aiki da awa ake lissafawa, awa ɗaya ta kusa Yuro 100, ban da kuɗin kaya. Na ce masa noti 'yan kaɗan ne, ko yaron shago zai iya yi ina tsaye. Ya ce nan ba a haka. Wallahi raina ya ɓaci. A wajen Ƙofar Ƙaura da tuni an ce mini, "Alhaji, zauna ga benci," kafin in gama gaisawa da mutane an haɗa.

Sai na ce zan yi da hannuna. Na shiga intanet na sa lambar chasis ɗin mashin, mai haruffa da lambobi 17, zanen injin ya fito, kowane noti da lambarsa da tsawonsa. Na zaɓi murfi biyu, dama da hagu, na biya. Da kwalin ya iso na buɗe, sai na tarar duka biyun na hagu ne.

Gabana ya faɗi. Na riga na yage leda, na riga na kara ɗayan a jikin inji. Na zauna ina shirya maganar da zan yi, ina tara hujja, na ɗauki hoton kwali ta kowane gefe, domin a sanina wanda ya buɗe leda ya sayi kaya. Na rubuta wa kamfanin da ya sayar mini saƙo mai tsawo. Amsar da ta zo ba ta fi layi uku ba. Sun ce kuskurensu ne, in yi haƙuri. Sun turo takardar da zan manna a kwali in kai gidan waya ba tare da na biya ko kwabo ba, kuma sun ce na dama yana hanya. Ya iso hannuna tun kafin nasu ya koma wurinsu. Babu wanda ya ce in rantse, babu wanda ya tambaye ni ko da gaske a wurinsu na saya.

Na ɗauka kirkin wannan kamfanin ne, sai maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin masana'anta, ya ce mini doka ce. Yawancin abin da ka saya ta intanet daga kamfani a ƙasashen Tarayyar Turai kana da kwana 14 ka mayar, ko da babu aibu, ko da ra'ayi kawai ka canza, kuma ba sai ka faɗi dalili ba. Idan kuma sabon kaya ne ya zo da aibu, mai sayarwa na da alhaki har shekara 2. Ya faɗe shi kamar ba wani abu ba, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai har yau.

Domin na san mu. Ka sayi filogi ko murfin inji a shagon kayan mashin, ka je ka tarar bai hau ba, ka dawo. Da farko yaron shago zai ce Oga ba ya nan. Idan Oga ya dawo zai juya kayan a hannu ya ce, "Malam, ai ka buɗe." To yaya za a yi in san bai hau ba idan ban buɗe ba? Daga nan sai ya nuna maka ƙasan rasit inda aka buga cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. In ka yi sa'a, bayan an tara maka jama'a an sa baki, a canza maka da wani ka yi ciko. Kuɗi dai ba sa dawowa. Kuma mutumin nan da bakinsa ya ce maka orijina ne, alhali ya san jabu ya ba ka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mu ne ya kamata mu riga su. Tun muna makarantar allo da ta zaure muke jin hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. An ba wanda ya sayi dabbar da aka tara wa nono don a ruɗe shi zaɓin kwana uku, ko ya riƙe ko ya mayar. Malamanmu na karantar da babin ciniki kullum. Amma a kasuwa sai ka ga wanda ke sahun gaba a masallaci shi ne zai rantse maka a kan noti. Na san ɗan kasuwar ma yana da uzurinsa. Shi ma daga Kano ko Nnewi ko Legas ya saro, kuma in kaya ya lalace ba shi da inda zai mayar. Na kuma san akwai masu sayen da za su yi mako suna amfani da abu su wanke su dawo da shi. Duk da haka ban yarda wannan ya isa a hana mai gaskiya haƙƙinsa ba. Ƙungiyoyin masu sayar da kayan mashin za su iya zama su ce kayan da bai hau ba, in ba a lalata shi ba, a karɓa cikin kwana uku. Ba sai an jira gwamnati ba.

Ranar Asabar na yi aikin, domin Lahadi a nan ba a son ƙarar guduma ko inji, maƙwabta na iya kai ƙara. Dattijon ya ara mini wata sufana mai awo, wadda ake saita ta da lamba. Takardar cikin kwali ta ce a bari inji ya huce, kuma kada a kwance duk notin murfin asali, sai waɗanda aka yi wa alama, in ba haka ba gaskit ya saki baƙin mai ya fara tsiyaya. Notin ba tsawonsu ɗaya ba, don haka ya sa na zana siffar murfin a jikin kwali, duk wanda na cire in soke shi a gurbinsa. Sababbin sun fi tsawo saboda kaurin murfin. Kowanne da yatsu ake fara murɗa shi har ya kama hanya, da ɗigon gam shuɗi a haƙoransa, sannan a bi su a gicciye, wannan gefe da wancan, ba a jere ba. Awon da aka rubuta 10 ne, a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti da suke kira Nm. Ina ja a hankali sai sufanar ta ce ƙyas, ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

Ƙarfin da na sa bai taka kara ya karya ba. Nan na gane abin da ke kashe injinanmu. Jikin inji alminiyon ne, noti kuwa ƙarfe. Yaron bakanike zai zura bututu a sufana ya hau da dukan ƙarfinsa, Oga na cewa "ɗaure shi tamau," har haƙoran ramin su cinye. Daga nan sai dabara: a naɗa waya, a cusa babban noti, a shafa gam, ko a tafi wajen mai walda. Shi ya sa rabin Boxer da Jincheng ɗin da ke yawo a gari za ka ga gefen injin ya yi baƙi, mai na tsatsafowa ƙura na mannewa, mai shi kuma ya kashe kuɗi a kan sitika da fitilu masu launi.

Ba raina bakanikenmu nake yi ba. Mutumin da zai baje inji a kan buhu a inuwar bedi, babu littafi babu zane, ya haɗa shi ya tashi kafin la'asar, ban ga irinsa a nan ba. Na nan in babu lambar kaya a kwamfuta sai ya ce ka sayi sabo. Kuma ina aikin nan a gareji mai sanyi, dattijon na komawa ciki na rage ni kaɗai. Mutane na wucewa, babu mai cewa sannu da aiki, babu yaron da zai tsaya ya riƙe maka noti, babu mai shayin da za ka aika wa.

Aikin da ya rage shi ne juyen baƙin mai. Shi ma dokarsa daban: shagon da ya sayar maka da sabo dole ya karɓi tsohon kyauta, gwargwadon abin da ka saya, kuma zuba shi a kwata laifi ne da ake cin tara a kai. Na ajiye rasit da galan, ranar Asabar mai zuwa zan kai musu.