Fitilar T5 da ma'aunin Solarmeter, wata goma sha huɗu bayan kumburin idon Dattijo

Ƙaramar 'yata ce ta fara lura. Ta same ni da safe ina shirin fita, ta ce, "Baba, Dattijo ya ƙi buɗe ido, kuma ga gyare na yawo a gabansa ko kallo bai ishe shi ba." Dattijo shi ne ƙadangarenmu mai gemu, irin na tsakiyar Ostareliya da masana ke kira Pogona vitticeps. Ƙayoyin da ke maƙogwaronsa ne suka jawo masa sunan a gidanmu. Shekararsa biyu a lokacin, kuma tunda muke da shi ban taɓa ganin gyare ya gifta ta gabansa ya kwana a duniya ba. Na leƙa keji. Yana can ɓangaren sanyi, ya cusa kai ƙarƙashin itace, fatar idanunsa duka biyu ta tasa, ta hagu ta fi, da 'yar kwantsa a gefe.

Na ce mata saɓa zai yi, ta kwantar da hankalinta. Ba haka kawai na faɗa ba. Duk mai kiwon irinsu ya san wannan ɗabi'a tasu mai tayar da tsikar jiki: wani lokaci sai su turo idanu waje kamar za su faɗo, su riƙe na 'yan daƙiƙu, sannan su mayar kamar ba a yi komai ba. An fi ganin haka gab da saɓa, kuma galibi ana ɗaukarsa a matsayin miƙar fatar da ke kewaye da ido. Sai dai wancan yana zuwa ya wuce kafin ka ɗauko waya ka yi hoto. Na Dattijo ya kwana, ya wuni, ya sake kwana. A rana ta uku gemunsa ya yi baƙi ƙirin, yana goga fuska a jikin dutse. Nan na ajiye sanin da nake taƙama da shi na nemi likitan dabbobi da ke duba masu jan ciki.

Kafin likitar ta taɓa shi, tambayoyi ta jera mini. Me ke shimfiɗe a ƙasan kejin? Yashi. Zafin wurin shan rana nawa ne? Me yake ci, wace hodar ƙarin sinadarai nake barbaɗa masa a abinci? Can ta ce, "Malam, me ka canja a kejin cikin makon nan?"

Na ce, "Likita, babu komai, sai dai ƙwan fitila."

"Wane iri?"

Tsohon ƙwan UVB, wato mai ba da wani ɓangare na hasken rana da idon mutum ba ya gani, shi ne ya mutu, na sayi wani murɗaɗɗe, irin ƙananan nan masu kama da ƙwan ɗaki. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don rabin laifin nawa ne. Maimakon in ɗora shi a sama, sai na ɗaura shi a jikin bango daga ciki, a kwance, daidai saitin fuskar Dattijo idan ya hau dutsensa, tazarar ba ta kai tafin hannu ba. Kwana huɗu da yin haka ido ya rufe. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin wanda ya tsaya kallon walda babu tabarau, da dare ya kasa barci, ido kamar an zuba yashi. Ta ce to shi ne wannan: hasken ya ƙona fuskar ƙwayar ido da tantanin da ke cikin fatarsa.

Ta ɗiga masa wani ruwa mai launin ɗorawa, ta kashe wuta, ta haska da shuɗin haske. Idon dama fes. A na hagu wani ɗan layi ya fito kore shar, wato ƙarzuwa a ƙwayar idon, wataƙila daga gogar da yake yi a dutse, da ƙwayoyin yashi biyu da ta wanko daga ƙarƙashin fatar da ruwan gishiri na asibiti. Ta ba ni maganin ɗigawa na kashe ƙwayoyin cuta, ta ja mini kunne kada in kuskura in ɗiga masa maganin idon mutane da ke gida, domin wasu na ɗauke da sitiroyid, shi kuwa idan ya haɗu da gyambo a ido sai ya hana shi warkewa ya ƙara zurfafa shi. Sannan ta ce in kashe ƙwan nan yau, in kwashe yashin.

Daga nan kuma na zama ni ne a gaban ƙadangaren bakin tulu. In bar fitilar ta ci ido, in kashe ta ƙashi ya lalace. Wannan dabba ta saba da ranar hamada. Da hasken UVB fatarta ke haɗa bitamin D3, da shi kuma hanji ke tsotsar kalsiyam. Idan babu, jiki sai ya koma cirar kalsiyam daga ƙashi, haɓa ta yi laushi, ƙafafu su karkace, gaɓoɓi su riƙa rawa. Likita ta ce mako ɗaya ko biyu babu UVB ba zai karya baligin ƙadangare ba, in bar masa fitilar zafi kawai, in yi amfani da kwanakin wajen nemo abin da ya dace. Idon dama ya buɗe a rana ta huɗu. Na hagu sai da ya kai kwana goma sha ɗaya.

Abubuwa biyu na saya, su ne dalilin wannan sharhi: doguwar fitila Arcadia ProT5 mai UVB kashi 12 cikin ɗari, wat 39, tsawonta kusan santimita 85, da ma'aunin haske Solarmeter 6.5.

Fitilar sanda ce siririya, kaurinta milimita 16, tana zuwa cikin gidanta da madubi a bayanta mai mayar da hasken ƙasa. Kejin Dattijo santimita 120 ne, don haka ta rufe kusan kashi biyu cikin uku, daga ɓangaren zafi, ta bar masa inuwa a ɗaya gefen. Ɗaura ta bai ɗauke ni rabin awa ba. Bambancinta da murɗaɗɗen ƙwai a yadda take raba haske yake. Shi ƙaramin ƙwai yana tara ƙarfinsa a wuri guda, kusa da shi ya yi yawa, ka ɗan matsa ya ɓace. Ita kuwa tana shimfiɗa shi a faɗi, daga sama, yadda rana ke yi. Saukowa daga saman nan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙadangaren yana da tudun gira da ke yi wa ido rumfa. Hasken da ya zo ta gefe, kamar yadda na yi masa, kai tsaye yake shiga. Ban da haka yana da ɗan ido na uku a tsakiyar ka, wani ɗigo mai jin haske da inuwar abin da ke sama. Duk halittarsa an gina ta ne a kan cewa rana a bisa take.

Abin da zan gaya wa mai niyyar saye: ba ta ba da zafin kirki, ba kuma aikinta ba ne. Dole ka haɗa ta da fitilar zafi a gefe guda, yadda wurin shan rana zai kai digiri 40 ko kusa da haka, zafi da UVB su faɗi a kan dutse ɗaya. Gilashi ba ya barin UVB ya ratsa, don haka ajiye keji kusa da taga aikin banza ne, sai dai ma ya dafa dabbar. Ragar waya kuma tana cin wani kaso mai yawa, ya danganta da ƙanƙantar idonta. Sannan duk fitilar irin wannan tana ci gaba da haske bayan UVB ɗinta ya yi rauni. Shekara guda ake ba T5, tsofaffin T8 kuwa, masu sanda mafi kauri, wata shida aka saba ba su.

Ma'aunin ne na yi ta jan ƙafa a kansa. Ɗan akwati ne da ya cika hannu, maɓalli ɗaya, batiri mai bolt 9, da ɗan ido a ka. Ka saita shi wajen fitila, ka danna, lamba ta fito, mai nuna ƙarfin hasken UV a ma'aunin da ake kira UV Index. Shi ke nan aikinsa. Uwargida ta juya shi gaba da baya ta ce, "Yanzu wannan abin ne ka yi mako kana karatu a kansa?" Ba ya auna zafi, ba ya auna laima, ba ya ajiye komai a ƙwaƙwalwa. Amma ranar da ya zo na sake kunna murɗaɗɗen ƙwan nan a kan tebur don in ga abin da na aikata. A tazarar da Dattijo ke zama, ya nuna sama da 11. Da na ja baya santimita 30, ya faɗi ƙasa da 1. Ashe ƙwan ba shi da tsaka-tsaki a kejina, ko ƙuna ko babu. Na daɗe ina kallon lambar nan. Ni da idona, hasken bai ma kai na fitilar karatu ba.

Lambar da ake nema ba daga ka aka ƙirƙiro ta ba. Gary Ferguson, wani masani a jihar Texas ta Amurka, shi da abokan aikinsa sun bi ƙadangaru da macizai a daji suna auna hasken da kowanne ke zaɓar zama a ciki, suka wallafa sakamakon a 2010, aka raba su rukuni huɗu. A 2016 Frances Baines, likitar dabbobi a Birtaniya, da wasu abokan aikinta suka faɗaɗa wannan zuwa jagora ga gidajen namun daji da masu kiwo. Ƙadangare mai gemu yana rukuni na uku, inda mafi girman abin da aka auna a wurin shan rana ya kama daga 2.9 zuwa 7.4. Ita Baines ɗin ce kuma ta yi fice wajen bin diddigin ƙunar ido da wasu fitilu suka haddasa wajejen 2007, inda aka gano suna fitar da UVB mai gajeren zango fiye da wanda ke isowa ƙasa daga rana. Wannan wani abu ne da ma'aunin ba zai bambance maka ba, jimillar ƙarfi yake bayarwa, ba ya faɗin irin hasken. Don haka bai ɗauke maka sayen fitilar kirki ba.

Da shi na daidaita sabuwar. Da farko dutsen ya yi kusa, ya nuna 7 da ɗoriya, na sauke shi har tazara ta kai santimita 38 daga bayan Dattijo, ba daga dutsen ba, lambar ta tsaya tsakanin 4 da 5. Ɓangaren sanyi sifili. Sabuwar fitila takan sauka kaɗan a kwanakin farko, tawa ma ta yi, daga nan ta zauna. Ina aunawa farkon kowane wata ina rubutawa a takardar da na liƙa a gefen keji.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka duk kumburin ido daga fitila ne, ya canja ƙwai ya zauna jira. Da na koma a duba idon hagu, na tsare likita da tambayoyi. Ta ce ido ɗaya idan ya kumbura, hankalinta ya fi tafiya ga yashi, ragowar saɓa da ta maƙale a fatar ido, rauni, ko ƙurji a bayan ido. Mugunyar masu jan ciki kuwa daskararriya ce, ba ta tsiyaya da kanta kamar tamu, sai an yanka an kwashe. Ƙari ma yana fita a fatar idon irinsu, musamman manya. Idan kuma duka biyun ne suka turo suka ƙi komawa, to ta fi jin tsoro, domin yana iya zama zuciya ce ta gaza, ko ƙoda, ko jijiyar jini ta kumbura a ka. Sai batun bitamin A, wanda ta ce ya fi komai rikita masu kiwo: ƙarancinsa na kumbura fatar ido, yawansa ma na kawo kumburi da ɗayewar fata. Mutum ya ga ido ya tasa, ya karanta cewa ƙaranci ne, ya yi ta ɗura hoda, ashe wuta yake ƙara wa fetur. Ta ce, "Malam, idan ido ya wuce kwana biyu a rufe, ka kawo shi, kada ka tsaya gwaje-gwaje." Ni na kai uku, kuma ina jin ƙarzuwar nan a rana ta ukun ta samu.

Hukuncina a kan fitilar ba shi da kwana-kwana, zan sake saye, na ma riga na sake. Cikin makonni da ɗaura ta launinsa ya washe, ya koma hawa dutse da sassafe yana baje ciki kamar faifai, yana ɗaga kai ido a buɗe tar. Ma'aunin kuwa, wanda ke da ƙadangare ɗaya kuma ya bi jadawalin tazara da ke tare da fitila zai iya rayuwa babu shi, ko ya ara lokaci-lokaci. Ni dai da na riga na ƙona ido sau ɗaya da hasken da ba na gani, ba na rabuwa da shi. Ya kuma nuna mini abin da ban zata ba. Da wata goma sha biyu suka cika na auna tsohuwar sandar, tana ba da 3.6, har yanzu cikin iyaka, sai na bar ta ta ƙara wata biyu kafin na canja.

Yashi ya tafi, tayil na shimfiɗa masa mai ɗan kaushi. Makon jiya ya yi saɓa, kuma kwana biyu kafin nan ya turo idanun nan waje a gaban 'yata. Ta ƙwala mini kira, na taho da gudu da takalmi ƙafa ɗaya. Kafin in iso ya mayar da su, yana tsaye a kan dutse yana bin wani gyare da kallo.